Maɗacin Kaka

Zuwa ga Barkono,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yaran, har da tsofaffin nan da kike jinya a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce dai take ƙara kamar ƙofar shagona, uwar 'ya'ya ta ce tsufa ne, na ce mata bakinta ya sari ɗanyen kashi.

Har yanzu ba mu da waya tun da aka kayar da ƙarfen sabis. Direban motar magani ne zai fita da wannan takarda, ya jefa ta a gidan waya na farko da ya tarar a buɗe. Harbe-harbe sun lafa, amma ba za a ce an zauna lafiya ba. Gada tana nan a karye, kwale-kwalen bakin kogi kuwa tun shekarar farko aka ƙone su, namu da nasu.

Kin tuna inda kogi ya tsuke a ƙasan makarantarmu, inda kika taɓa jefa takalmina a ruwa? Yanzu sunansa Wurin Kira. Da safe mutane kan taru, mu a nan su a can, a riƙa ɗaga murya ana aika labari: wance ta haihu, wane ya rasu. A tsallaken akwai wani mutum da muke kira Lasifika, shi ke isar da saƙon kowa, don muryarsa ce kaɗai ke ƙetarowa ba ta yanke ba. Ta bakinsa nake jin labarin Goggo, tunda can tsallaken take zaune. Tana gaishe ki, ta ce jiki da sauƙi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ruwa ya lalace, Barkono. Tun da ma'ajiyar mai ta ƙone ta malale cikin kogi, kifi ya taso ciki sama, har yau bai dawo ba. Yara duk ƙuraje. Kin san injin da ke jawo ruwa yana ɓangarenmu, tankunan tacewa kuma suna tsallake, kowa ya riƙe rabin da ba ya amfanarsa. Ma'aikatan ruwa na nan da na can, waɗanda a da ofis ɗaya suke shan shayi, sun yi ta kwarara wa juna kira har suka shirya su zauna a tsibirin yashin nan na tsakiyar kogi. Masu bindiga na kowane ɓangare sun ce ba za su hana ba, muddin kwale-kwale ɗaya ne, na tuƙi da hannu, kuma da rana tsaka.

Sai dai babu kwale-kwalen, babu katakon yin sa. Bishiyoyin bakin kogi duk an sare, wasu an dafa abinci da su, wasu don kada abokin gaba ya ɓuya. In kika tsaya a ƙofar gidanmu yanzu har tsallake kike hangowa, fayau. Abin da ya rage a tsaye shi ne maɗacin Kaka, shi ma ɓangaren da ke kallon kogi ya bushe.

Kin san maganar Kaka, ba a taɓa shi sai duk jikoki sun yarda. Jikokin kuwa yau ni da ke muka rage. Ina neman izininki in sare shi in yi kwale-kwale. Ki yi tunani, kada ki amsa da zafin nan naki.

Ɗan'uwanki,
Dogo kafinta

*

Dogo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa ko jaka ban ajiye ba. Muna lafiya. Babbar ta shiga jami'a, ƙaramin kuma ya fi ubansa tsawo, ya ɗebo ka sak, har da rashin jin magana. Ka gaida uwar 'ya'ya, ka ce mata ta yi gaskiya, tsufa ne. Na ji daɗi da ka ce Goggo da sauƙi.

Ka ce kada in amsa da zafi. To na kwana biyu ina hucewa, amsar dai ba ta canja ba. A'a.

Haba Dogo, kai da bakinka? Ni nan aikina wanke tsofaffin da 'ya'yansu ba sa zuwa duba su. In na gaji, in na ji kamar in bar komai in gudu, rufe ido nake yi in ga kaina a gindin bishiyar nan. Ina ganin Kaka a kan tabarmarsa yana gyaran rediyon da bai taɓa gyaruwa ba. Ina ganin ranar da ya jera mu a jikinta, ya buga wa kowa ƙusa daidai kansa don a ga wa zai fi tsawo baɗi, kai kana ɗage ƙafa don ka ci zalinmu, Auta ƙaraminmu yana kuka wai tasa ce ta ƙasa. Ina ganin reshen da nake hayewa in na yi fushi in ƙi cin abinci, Goggo ta zo ta tsaya a ƙasa da kwano a hannu tana cewa, “Sauko ki ci, fushin zai jira ki.” Gidanmu an rushe rabinsa, makarantarmu ta zama barikin 'yan bindiga, kabarin uwata ban san halin da yake ciki ba. Abu ɗaya ya rage mini a duniya da zan ce ga inda na fito, shi kake so ka sa wa zarto?

Kuma don wa? Don ka ƙetara wurin mutanen da suka kashe Auta. Yaron nan burodi ya je saye, a kan gada harsashinsu ya same shi. Ni ban ga gawarsa ba, kai ka gani, kai ka ɗauke shi. Shi ya sa na kasa gane yadda zuciyarka ta yi sanyi har kake raha da wani Lasifika. Wa ya sani ko ɗansa ne ya harba?

Mu nan ba a zaune muke ba. Ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna waje tana tattara sa hannu, muna roƙon manyan ƙasashe su turo jiragen yaƙi su share 'yan bindigan tsallake gaba ɗaya, a huta. Ni na fi kowa yawo da takardar, har gida-gida nake bi ranar hutuna. Ƙarfe sai da ƙarfe, Dogo. Wanda ya saba da bindiga ba ya jin lallashi a kan yashi. Ka yi haƙuri kaɗan, in an kore su za a gina gada, ba sai ka taɓa bishiyar ba.

Ka isar wa Goggo gaisuwata. Kafin ta zama goggonka ƙanwar uwata ce, kada ka riƙa yi mini iko da ita.

Taka,
Barkono

*

Barkono,

Sallama da gaisuwa. Na ga amsarki, kuma ban yi mamaki ba, wanda ya raɗa miki sunan nan bai yi kuskure ba. Muna nan yadda kika sani. Jikata ƙarama ce ƙurajen suka hau mata har fuska, uwarta tana tafasa ruwa sau biyu amma warin man ba ya fita.

Laifina ne da na rubuta miki kamar kina nan kusa. Kin daɗe a waje, kin manta mu ko mutum yana kan gargara in aka tambaye shi “da sauƙi” zai ce. Bari in faɗa miki ƙiri-ƙiri. Goggo tana kwance, ba ta tashi, ƙafafunta sun kumbura. Babu kowa nata a can tun da mijinta ya rasu, maƙwabta ne ke juya ta, matar Lasifikan nan da kike zargi ita ke yi mata wanka. Maganin da take buƙata yana nan ɓangarenmu, ina iya riƙe shi a hannuna, amma ba ni da hanyar miƙa shi. Ruwan gari gaskiya ne, zaman ma'aikata gaskiya ne, amma ni abin da ke hana ni sukuni shi ne in ga matar nan da idona kafin ta tafi.

Ba zan ɓoye miki ba, da na gama karanta takardarki na wasa gatari. Na je Wurin Kira na ce a gaya wa Goggo gobe zan sare, in ya so ke Barkono in kika zo ki kashe ni. Washegari Lasifika ya dawo da amsa, gaban jama'a kowa yana ji. Ta ce in na taɓa bishiyar ubanta ba da yardarki ba, ko na ƙetaro ba za ta dube ni ba. Kin san ta. Sai na mayar da gatarin na rataye.

Game da jiragen da kuke roƙo, ai an taɓa turo mana su, shekarar farko. A labaranku an ce rumbun makamai suka buga. Mu da muke ƙasa mun ga abin da ya ci wuta, ma'ajiyar mai ce da unguwar da ke bayanta, kuma shi ne ruwan da jikata take sha yau. Bayan sun tafi 'yan bindigan ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi, don duk wanda aka kashe wa uwa ya je ya karɓi tasa. Sannan ki sani, inda suka yi sansani a tsallake katanga ɗaya ce tsakaninsu da ɗakin Goggo. Wanda ke sama ba ya ganin katanga.

Kin ce zuciyata ta yi sanyi a kan Auta. Ni na ɗauke shi, Barkono, ledar burodin tana hannunsa. Rigar da na sa ranar tana ƙasan akwatina, ban wanke ba, ban yar ba. Na yi fushi har na gaji, ban ga abin da fushin ya tsinana mini ba. Ban ce na yafe ba. Cewa na yi ina so yara su sha ruwa, kuma ina so in ga Goggo.

Ina jiran amsarki. Don Allah kada ta daɗe.

Dogo

*

Dogo,

Gaisuwa. Lafiya kuwa? Damina ta shigo ta kusa fita ban ga ko layi ɗaya daga gare ka ba. Kullum in na dawo aiki akwatin wasiƙu nake fara buɗewa, sai takardun talla.

In fushi kake yi don na ce a'a, to ka yi, ai ba yau ka fara ba. Tun muna yara haka kake, a taɓa ka kaɗan ka kumbura kamar kwaɗo ka daina magana. Amma ko zagina ne ka rubuto, in san kana da rai. Na ji a labarai an sake ɓarin wuta a hanyar da motocin magani ke bi, ba su faɗi ko su wa abin ya shafa ba. Na kasa cin abinci, maigidan har ya fara yi mini faɗa.

Sa hannunmu ya yi yawa sosai, an ce za a karɓe mu mu gabatar da takardar, kuma ni aka zaɓa in yi magana a madadin waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa. Na zauna in rubuta abin da zan faɗa a kan Auta, sai na ga ban tuna fuskarsa ta girma ba, sai ta yarinta, yana kuka a gindin maɗaci. Na yi ta kuka ni kaɗai a kicin.

Tunda Goggo da sauƙi, ka ce mata in hanya ta buɗe ni da kaina zan zo in ɗauke ta. Ka rubuto, Dogo, ka ji?

Barkono

*

Dogo,

Yau takardarka ta iso, duk ta jiƙe ta bushe, da tambarin gidan waya na wata ƙasa dabam a jikinta. Na duba lokacin da ka rubuta ta, na sake dubawa. Ashe duk wannan lokaci ni kake jira, ni kuma ina nan ina kiranka kwaɗo.

Sare shi. Ka sare shi yau, kada ka jira gobe. Na yarda, na yarda, ka je Wurin Kira ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji Barkono ta yarda. Na kwafi wannan takarda sau uku na bi da ita hanya uku, duk wadda ta riga isa ka yi aiki da ita.

Taron gabatarwar ban je ba. Na ce musu ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Katangar nan da ka ambata ta tsaya mini a rai.

Ka ce wa Goggo ta jira ka. Ka ce mata ni ce na ce.

Barkono

*

Zuwa ga 'yar'uwata Barkono,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya ke da iyali. Takardunki biyu sun iso hannuna rana ɗaya, ta zagin da ta izinin, sauran kwafi biyun na izinin ban gan su ba har yau. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Goggo ta rasu. Allah ya karɓi abarsa tun kafin izininki ya iso, ana tsakiyar ruwan sama. Lasifika ne ya faɗa mini. Ranar bai yi ihu irin na kullum ba, ya kira sunana sau ɗaya, ya cire hularsa, daga nan na gane. Mutanen can suka yi mata komai yadda ya kamata, ni ina tsaye a bakin ruwa ina hangen lokacin da suka wuce da ita. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Kada ki ɗora wa kanki, ba ke kika tare hanyar mota ba. In laifi ne, ni na fara da na rubuta miki “da sauƙi”.

Da izininki ya zo sai na rasa abin da zan yi da shi. Uwar 'ya'ya ce ta ce mini Goggo ta tafi amma jikarka tana nan da ƙurajenta, tashi ka ɗauki gatari. Na sare shi. Da ya faɗi unguwa duk ta fito, har da waɗanda ba su san Kaka ba. Gidan ya yi haske, wani irin haske marar daɗi, har yau in na shigo sai in ji kamar na yi ɓatan kai.

Mai injin yanka katako ya ƙi karɓa, ya ce itacen bakin kogi cike yake da ɓaraguzan ƙarfe, ya gaji da karya haƙoran inji. Da hannu muka yanka ni da surukina. Gaskiyarsa kuwa, kowane taku sai zarto ya yi ƙara ya tsaya, mu sa kurfi mu haƙo. Mun cika gwangwanin fenti da su. Surukina ya riƙa ɗagawa yana tambaya wannan namu ne ko nasu ko na jirage, na ce masa ni dai duk iri ɗaya nake ganin su.

Can ciki sosai, kusa da zuciyar itacen, zarto ya sake tsayawa. Na haƙa ina tsaki, sai ga kan ƙusa. Ƙusoshin Kaka ne, Barkono, bishiyar ta haɗiye su ta rufe. Su uku, a jere yadda ya buga su. Na zauna a ƙasa, surukina ya ga abin da ba a so suruki ya gani, ya fita ya ba ni wuri. Tawa da taki na miƙe su na buga a kujerar kwale-kwalen. Ta ƙasan ita ce a cikin ambulan ɗin nan, naɗe a ƙyalle.

Kwale-kwalen bai yi kyau ba, hancinsa ya ɗan karkace, amma ba ya yoyo. Ni na tuƙa ma'aikatan ruwa zuwa tsibiri. Kada ki zaci wani abin kirki aka yi, rabin zaman faɗa ne a kan wa ya fara, har wani ya tashi zai tafi sai ya tuna babu inda za shi sai na kai shi. A ƙarshe dai an yarda duk mako in ƙetarar da masu gyara da magani. Ruwa bai fara zuwa ba tukuna, an ce bututu ya fashe a wurare da yawa. Kifi kuwa sai abin da Allah ya yi.

Da aka tashi na ƙarasa tsallake. Mutumin da ya kama mini igiya wani ɗan tsurut ne, bai kai kafaɗata ba, sai da ya yi sallama na san Lasifika ne. Na ce masa ina ka ajiye sauran jikin, ya yi dariya. Mai sayar da kifi ne a da. Kin tambaya ko ɗansa ne ya harbi Auta. Ɗansa ɗaya, kuma yana kwance layi biyu daga kabarin Goggo, harbin ɓangarenmu ne ya same shi a kan keke. Shi bai faɗa mini ba, matarsa ce ta nuna mini muna wucewa.

Matar ta kai ni ɗakin Goggo. Gado, akwati, da tsohon kwanon nan mai ɓallen baki, shi ke nan. Ta ce a kwanakin ƙarshe Goggo takan tambaya ko amsa ta zo daga waje, in an ce babu sai ta yi murmushi ta ce yarinyar nan tana kan reshe. Ta bar miki saƙo, amma ta hana a faɗe shi a Wurin Kira, ta ce ba maganar da za a yi wa ihu ba ce, a jira wanda zai ƙetaro. Ga shi yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba:

“Ku ce wa Barkono ta sauko haka nan, abinci ya huce.”

Kwanon yana wurina, na ajiye miki.

Ɗan'uwanki,
Dogo